Lemun Tsamina da Ruwan Gishirin Auta

Ƙanena ya ƙone mini rabin bishiyar lemun tsami saboda wasu duwatsu da yake kiwo a cikin gilashi. Haka maganar take, ba kuma zan shafa mata zuma don ta yi wa wani daɗin haɗiya ba. Wanda ya ga na tsananta, ya zo unguwarmu Kusfa ya dubi ɓangaren bishiyar da ke kallon gabas, sannan mu zauna mu yi magana.

Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne na ƙarshe, kuma Auta nake ce masa har yau da furfura ta cinye masa gemu, mutanen waje na ta yi masa Alhaji Alhaji. Shi aka sa a boko tun bai iya ɗaura wando ba. Ni kuwa sai da na aurar da 'ya'yana, maigidana ya rasu, na dawo gidan ubanmu, sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na zauna a benci ɗaya da sa'o'in jikokina. Ban yi zurfi ba, amma abin da ke kan takardar nan da hannuna na rubuta shi, babu wanda ya gyara mini baki.

Da aka raba gadon gidan nan, maza suka kwashe zaure da sararin tsakar gida, ni aka ba ni ɗakin Inna. Bishiyar tana ƙofar ɗakin, sai masu rabo suka ce a haɗa mini da ita, kamar yadda mai awo ke ƙara gyara a kan mudu. Su a wurinsu gyara ce. Inna ce ta dasa ta, ita ce kuma ta sa aka gina ɗan dakalin alwala a gefe, aka ja 'yar siririyar kwata daga dakalin zuwa gindin bishiyar, domin ba ta son ruwan alwala ya gangara ya haɗu da ƙazantar lungu. Saboda haka duk wanda ya wanke fuska don salla a gidan nan ya shayar da lemun, ko ya sani ko bai sani ba. A garin da famfo ya zama kayan ado, da wannan ruwan kaɗai ta rayu, tana ba mu lemu rani da damina. Mai mura ta aiko, mai jego ta aiko, mai damun kunu ta aiko. Ban taɓa mayar da kwanon kowa haka nan ba.

Auta ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa a Ikko, ya dawo ya rushe ɗakunan ƙasa da ke rabonsa ya gina falo na siminti. Na ce madalla, mutum ya tuna gida. Ashe bai dawo shi kaɗai ba. Wasu mazan in sun yi ritaya gona suke saya, wasu su tara tumaki, wasu su koma gaban malami su gyara karatunsu. Nawa ƙanen akwatin gilashi ya kafa a falo, tsawonsa ya kai gadon mutum, ya cika shi da ruwan gishiri, ya jera duwatsu, ya kunna musu shuɗiyar fitila. Ya sa sola a kan rufi da batura a ƙarƙashin tebur, ba don matarsa ta sha ruwan sanyi da azumi ba, don kada injin kifi ya tsaya.

Ranar da ya kira ni in gani, ya ce, "Yaya, wannan shi ne murjani."

Na ce, "Murjanin da na sani yana cikin adudun Inna, ja ne, a wuya ake sa shi."

"Ai wancan gawa ce, Yaya. Wannan mai rai ne. Dabba ce, tana ci tana girma."

"To in ta girma yankawa ake yi ko sayarwa?"

Ya yi dariya ya ce kallo ake yi. Na kalla kuwa. Ba zan yi ƙarya ba, Allah ya yi halitta a nan. Akwai mai rassa kamar ƙahon barewa, akwai mai kaɗawa kamar gashin masara, akwai wani kore da ke buɗewa yana rufewa shi kaɗai, ga wasu kifaye ruwan goro masu ɗamara fara suna shiga suna fita. Na ce tubarkalla, na koma ɗakina. Kyan abu bai sa ya zama sana'a ba.

Sai hidimar canjin ruwa. Asabar ɗaya ya yi, Asabar ɗaya ya huta. Tun ana gobe zai tace ruwa a wani inji, ya zuba a duro, ya kwaɓa shi da wani gishiri na musamman da ake aiko masa a buhu, wanda ba a miya da shi. Ya ɗiga ruwan a kan wani ɗan ƙarfe ya kanne ido ɗaya yana leƙawa, kamar mai duban watan salla. Da safe ya zura tiyo a tankin ya zuƙe kamar kashi ɗaya cikin goma, ya mayar da sabo. Ruwan da ya cire kuwa garau yake, ko ɗigon datti ba ka gani. Ruwa mai kyau a fitar da shi a zubar, a unguwar da mata ke sauraron ƙarar kurar 'yan ga-ruwa kamar masu jiran baƙo.

Inda za a zubar ɗin shi ne ya zama masifa. Da fari kwatar lungu yake sakar wa. Ba a daɗe ba maƙwabcinmu ya ga gindin katangarsa ta ƙasa yana fari yana zubar da yaɓe, ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka ja wa Auta kunne. Ya ce to a zuba a masai. Matarsa ta dafe ƙirji ta ce ba da ita ba, wa ya taɓa antaya gishiri a masai, salon a tsokano mutanen ɓoye su hana gida barci. Shi da ya yi shekaru yana sa hannu a takardun manyan jirage, sai ga shi ya ja da baya, wai a bar kaza cikin gashinta. Ya duba gidan kaf, wuri ɗaya ya rage mai tsabta wanda ruwa ke ɓacewa ba ya damun kowa. Dakalin alwala. Ni kuma ranar Asabar da hantsi ina makaranta, don har yanzu ban daina zuwa ba.

Cikin rani na fara ganin bakin ganye yana ƙonewa kamar an bi shi da ashana. Sai ganyen ya murɗe ya faɗo. 'Ya'yan da suka fara ƙullawa suka riƙa zubowa tun suna kamar gujiya. Na ce gara ce, na tona ban ga gara ba. Na ce tsutsa ce, na barbaɗa toka. Har na fara zargin baki, don akwai wata da ta taɓa tsayawa ta yaba bishiyar ba ta ce tubarkalla ba. Wata safiya ina alwala idona ya kai kan kwatar, na ga wani farin ɓawo ya bi gefenta tun daga dakali har gindin lemun. Na lakato na ɗora a harshe, gishiri ne zalla. Ruwa ba ya tsami banza.

Ban ko ɗauki mayafi ba na faɗa falonsa.

"Auta, ina kake zubar da fitsarin kifayenka?"

"Haba Yaya, wane irin fitsari kuma? Ruwa ne mai tsarki."

"Na ce ina kake zubarwa?"

Ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi ƙasa. Sai ya ce wallahi ya manta kwatar gindin bishiya take zuwa. Mutumin da aka yi wa wankan jarirantaka a kan dakalin nan, wai ya manta.

Na ce, "To daga yau an daina."

"Yaya, ba ya yiwuwa. Canjin ruwan nan dole ne. Kifi yana kashi a ciki, abinci yana ruɓewa, dattin narkewa yake yi ba a ganinsa. Murjanin kuma yana shanye sinadaran da ke cikin ruwan yana gina jikinsa da su. In ba a rage tsohon an ƙara sabo ba, duk mutuwa za su yi."

"Farilla ne ke nan?"

"Kusan haka."

"Babu kusan haka a farilla. Ko farilla ne ko ba farilla ba ne."

Matarsa ce ta tona shi, ba da niyya ba. Ta ce ai Dakta ma cewa yake yi wahalar banza ce. Na ce wane Dakta? Ashe akwai abokinsa, malami a jami'a can unguwar Kongo ta garin nan, shi ma yana da irin wannan ciwon, kuma shi ba ya canza ruwa sam. Na ce a kira mini shi.

Ya zo ranar Lahadi da yamma, dogo, mai tabarau, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, wannan kam ba zan hana shi ba. Aka kawo shayi. Ban san na tono gidan rina ba sai da suka fara.

"Hajiya," in ji Dakta, "ki tambaye shi, wa ke canza wa teku ruwa?"

"Ni ban taɓa ganin teku ba, Malam Dakta. Tambayi wanda ya yi zaman Ikko."

Auta ya ce, "Teku ba shi da bango huɗu. Wannan akwati ne."

"Akwatin ma in ka iya shi teku ne ƙarami," in ji Dakta. Ya juyo wurina yana lissafawa da yatsu. Akwai injin da ke kaɗa ruwa ya yi kumfa, kumfar ta kwaso datti ta tara a kofi. Akwai ciyawar teku da ake shukawa a wani ƙaramin tanki a ƙasa, ita ke cinye sauran dattin, in ta yi yawa a yanke a yar. Sinadaran da murjani ya shanye kuma a auna a gani, a ɗiga masa daidai abin da ya rasa. "To me ya rage da za a zubar da ruwa dominsa? Al'ada ce kawai, Hajiya. Sun tarar ana yi, suna yi."

"Abin da kwalabenka ke aunawa kaɗai ka sani," in ji Auta. "Wanda ba su aunawa fa? Yana nan yana taruwa."

"Kai dai matsoraci ne, Alhaji."

"Kai kuma ɗan bidi'a."

Suka kwashe da dariya, suka tafa, suka koma suka ɗora daga inda suka tsaya. Kowa ya zaro waya yana nuna wa ɗan'uwansa hoton tankin wani Bature, wannan ya shekara kaza bai canza ba ga shi kamar aljanna, wancan ya daina canzawa ga shi ya zama kabari. Suna da ƙungiya a waya, maza magidanta daga gari gari, ba su da aiki sai wannan musun. Na sa Auta ya fassara mini wasu daga cikin maganganun, na kuma karɓi wayar na bi da yatsa inda Turancina ya kai. Abin da na fahimta shi ne su kansu masu abin ba su daidaita ba. Shayi ya huce, la'asar ta yi sanyi, babu ɗayansu da ya leƙa ta taga ya dubi bishiyar da aka taru dominta.

Ni ban damu da wanda ke da gaskiya ba, kuma ban ɓoye ba. Na ce, "Kun gama? To ni a makaranta an koya mana in malamai suka saɓa, akwai sauƙi ga mai bi. Tunda akwai masu cewa ba dole ba ne, Auta, ka bi su. In ka sake zuƙe ruwan nan ka zubar a gidan nan, ban yafe ba."

Auta ya sunkuyar da kai. Ni na goya shi, ya san nauyin kalmar. Dakta kuwa har da gyara zaman hula, shi a dole an ba shi nasara. Bai sani ba, da a ce cewa ya yi a canza, da ko ragowar shayinsa ba zan bari ya shanye ba.

Aka daina. Damina ta sauka, ruwan sama ya yi ta dukan gindin bishiyar yana wanke ƙasar. Ɓangaren gabas ya riga ya tafi, rassan sun bushe ƙayau, amma na yamma ya fara fitar da tofo, ɗanye shar, irin wanda in ka murza ƙamshinsa ke bin hannu. Kullum da safe sai na zagaya shi kafin in karya.

A falo kuwa labari ya sha bamban. Auta ya sayi injin kumfa, ya shuka ciyawar, ya jera kwalabe kamar mai kemis. Da fari lafiya lau, har yana cewa wataƙila Dakta na da hujja. Sai hadari ya riƙa rufe rana kwana da kwanaki, batura suka kasa, dole ya riƙa kashe injin kumfa don mai juya ruwa ya samu ya yi aiki. Ciyawar da aka ce za ta cinye datti ita ta fara ruɓewa. Ɗaya daga cikin magungunan ɗigawa ya ƙare, mai aikowa ya ce sai wani jiƙon. Gansakuka ta fito, koriya mai gashi, ta lulluɓe duwatsun, yana gogewa da safe tana dawowa da yamma. Koren nan mai buɗewa ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Mai rassan barewa ya fara fari daga ƙasa, farin yana hawa, har ya zama ƙashi tsura. Dakta ya zo ya duba ya ce ai ba a bi ƙa'ida ba ne, tsarin ba shi da laifi. Haka suke. In abu ya yi kyau iliminsu ne, in ya ɓaci kai ne ba ka iya ba. Shi yana zaune a gidan ma'aikata da janareta, ya zo cikin birni yana ba da fatawa.

To ga amsar da na gani da idona, ga mai son amsa. Wanda ke da wuta ba yankewa, da injuna, da magani a hannu, da lokacin zama yana aune-aune kamar mai jinyar sarki, wataƙila ya iya barin ruwansa ya shekara. Wanda ba shi da su, bokiti da tiyo su ne gatansa. Wannan ɗin ne manyan mutane suka kasa faɗa wa juna a zama guda, don kowa na son a ce shi ne gwani.

Auta ya rame. Ya daina zama a majalisar ƙofar gida, matarsa ta ce tuwo ma sai ta yi da gaske yake taɓawa. In na wuce ta tagarsa sai in hango shi a kan kujera ya zuba wa gilashin ido, hannu a haɓa. Lokacin da aka kwantar da ni a asibiti da ciwon ƙafa ban ga wannan fuskar a wurinsa ba. Ranar da ɗaya daga cikin kifayen masu ɗamara ya taso sama da ciki a buɗe, bayan la'asar sai ga shi a ƙofar ɗakina. Ya cire takalmi, ya tsuguna a gefen tabarma kamar yadda yake yi in ya yi wa Inna laifi.

"Yaya, na zo ki sake ni."

"Na ɗaure ka ne?"

"Kin san abin da nake nufi. Sauran ma tafiya za su yi. Amana ce, ni na raba su da inda suke, in suka mutu a hannuna Allah zai tambaye ni."

"Sai yanzu ka san amana? Ita wannan da ke kanka ba rai gare ta ba? Ɗaga ido ka dube ta."

Ya ɗaga. Ina jin ran nan ne ya fara ganin busassun rassan da kyau. Ya ce, "Na yi kuskure, Yaya."

"Kai da jikoki, kana neman yin hawaye a kan dutse. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba."

Ya shiga wasa da bakin tabarma. Na bar shi ya daɗe a haka, don bai kamata abin ya zo masa da arha ba. Ba tausayin murjani ne ya kama ni ba, kada wani ya yi mini wannan fassarar. Ba na son a ce wata rana ƙanena ya kwanta ciwo ni ce sila, a unguwar da magana ba ta kwana.

Na ce, "Je ka canza ruwanka. Amma ko ɗigo kada ya taɓa ƙasar gidan nan. Kana da mota. Ka ɗura a jarkoki, ka fita da shi ta Ƙofar Doka, ka nemi inda ba shuka ba katangar kowa ka zubar. In mutane sun tambaye ka me Alhaji ke zubarwa, ka gaya musu da bakinka."

"Wallahi na yarda. Allah ya bar mana ke, Yaya."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ko magariba bai jira ba. Ashe duron yana nan a kwaɓe, tun kafin ya zo roƙon ya riga ya haɗa ruwansa. Ina zaune ina kallo ya fito da jarkoki cike, ya jera su a but ɗin mota yana nishi, ya ɗaure bakin kowace. Na ce a raina to, ya ji magana. Ya dawo, ya ɗauko bokitin da tiyon da ya yi aiki da su, da tsumman da ya goge gansakuka, ya nufi dakalin alwala kai tsaye yana 'yar waƙarsa. Ya ɗauraye bokitin ya tuntsurar, ya ɗaga tiyon sama ya tsiyaye abin da ya rage a cikinsa, ya matse tsumman. Ina ganin ruwan ya bi kwatar yana sheƙi, ya shige gindin bishiyar. Ko a jikinsa. Ya juyo ya gan ni, har da yi mini murmushi, shi a ganinsa ya cika alkawari.

Na kau da kai. Mutumin da ya rantse da la'asar ya karya kafin magariba ba tare da ya ma san ya karya ba, faɗa ba zai gyara shi ba. Muddin kwatar nan na haɗe da dakalin, ran bishiyata yana hannun mantuwar Auta ne, da ta matarsa, da ta duk wanda zai taya shi wanke bokiti nan gaba.

Washegari da na idar da sallar asuba, gari ya fara haske, na ɗauko taɓarya da fartanya. Na fasa bakin kwatar daga inda ta bar dakalin, simintin da Inna ta tsaya a kai aka zuba, na kwashe ɓaraguzan, na cike ramin da jar ƙasa na daddanne da ƙafa. Na ja sabuwar hanya da fartanya na karkatar da ruwan dakalin ya nufi ƙofar falon Auta, ya san yadda zai yi da shi. Na kankare ƙasar saman gindin bishiyar na kwashe a kwando. Sannan na zura guga a tsohuwar rijiyar gidan da damina ta cika, da wannan ƙafar tawa mai ciwo, na jawo ruwa na kai mata, na koma na sake jawowa.